Filin Manoma: In Fitilar Tsohuwar Tarakta Ta Ƙi Kamawa

Manoma 'yan'uwa, damina ta ƙarato. A ƙasar Sabon Birni da Isa kowa ya san ba a wasa da ruwan fari, domin daminarmu gajeriya ce, daga watan Yuni zuwa Satumba ruwa ya ɗauke. Wanda ya yi shuka da wuri geronsa ya nuna da sauran laima a ƙasa, wanda kuwa ya makara sai ya zauna yana duban sama. Taraktoci kuma kaɗan ne, masu bukata da yawa. Da ruwa ya sauka sai ka ga mutum ashirin suna bin direba guda, daga Gatawa, daga Tsamaye, daga Turba da Bafarawa, kowa yana so a fara da gonarsa. Saboda haka direba yakan fita tun gari bai gama wayewa ba, ya koma gida da almuru. A waɗannan lokatai biyu ne fitila take da aiki.

Tun wajen shekarar 2019, da rashin zaman lafiya ya yi tsanani a ƙasar nan har mutane da yawa suka ƙetara zuwa yankin Maraɗi, ba mai hankalin da zai ba da shawarar a kwana a daji ana huɗa. Amma wannan bai rage amfanin fitila ba. Direban da yamma ta yi masa a gona yana bukatar ya iso gari da sauri, ba tare da ya faɗa kwazazzabo ba, ba tare da mai babur ko babbar mota ta afka masa ta baya ba. Tarakta marar fitila a kan kwalta da magariba, tana jan tirela cike da buhuna, tarko ce ga kowa.

Abin da muke so mu nuna yau shi ne, yawancin ciwon fitila ƙarami ne, kuma mai tarakta ko direbansa zai iya gano shi da kansa in ya bi hanyar wuta daki-daki, ya bar canke. Canke shi ne ke cinye kuɗi: a sayi ƙwai, a sayi makunni, a sayi batir, fitila kuwa tana nan yadda take.

Taraktocin da ke hannunmu

Yawancin taraktocin da ke ƙauyukanmu, waɗanda wasu ke kira tantan, sun kwana biyu. Akwai Massey Ferguson iri-iri, tun daga 135 wadda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, har zuwa 375 da ake kawowa daga Pakistan. Akwai Steyr da aka riƙa haɗawa a Bauchi, da Fiat da aka riƙa haɗawa a Kano. Sa'an nan ga ƙananan nan masu ƙafa biyu na ƙasar Sin, waɗanda mutum ke bi a baya yana riƙe da hannuwansu, masu noman shinkafa a fadamun Bunsuru da Rima sun san su. Injin waɗannan duka yana da ƙarko in ana ba shi mai da ruwa. Wayoyinsu ne ba su jure wa tsufa. Zafin bazara yakan busar da robar waya har ta tsage, ƙurar hunturu ta shige makunni, laimar damina ta kawo tsatsa. Da rani kuma, in an ajiye tarakta kusa da rumbu, ɓera ya gwaguyi waya, zanzaro ya gina ɗakinsa cikin kwanon fitila.

Akwai abu guda da za ku duba kafin kome. Batir yana da kai biyu, ɗaya da alamar +, ɗaya da alamar –. Ɗayansu ne aka ɗaure da jikin tarakta. A taraktocin zamanin nan mai alamar – ne. Amma a motoci da taraktocin Ingila da yawa da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1960, mai alamar + ne ke jiki. Ku duba da idonku, ku riƙe, domin juya batir yana ƙona kaya masu tsada.

Yadda wuta ke tafiya

Wutar batir tana da hali guda: ba ta aiki sai ta sami hanyar zuwa da hanyar komowa. Takan fita daga kan batir, ta bi waya zuwa fiyus, daga fiyus zuwa makunni, daga makunni zuwa ƙwan fitila. In ta ratsa siririyar wayar da ke cikin ƙwan, wayar ta yi zafi ta ba da haske. Daga nan tilas ta koma batir. To, masu ƙera tarakta ba su cika sa waya ta biyu don komowa ba. Ƙarfen jikin tarakta shi ne hanyar. Watau wuta takan bi kwanon fitila, ta bi notin da ya riƙe kwanon, ta bi bonet ko ƙarfen gefe, ta bi injin, har ta kai kan batir ɗin da aka ɗaure da jiki.

Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Kowa yana duban waya, ba mai duban noti. Alhali kuwa tsatsa da fenti ba su barin wuta ta wuce. Noti guda mai tsatsa ya isa ya kashe fitila, ko da wayoyi duka sababbi ne. Masu ban ruwa a fadama sun san in lambatu ya toshe a wuri ɗaya, fangalin da ke ƙarshe ba ya samun ruwa, kome ƙarfin injin. Haka wuta take.

Ku kuma sani fitila tana jin raguwar wuta ƙwarai. In ƙarfin wutar da ke isa ƙwan ya ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa yakan ragu da kusan kashi 30. Shi ya sa 'yar tsatsa kaɗan take mai da farin haske ya koma ja kamar na aci-balbal.

Kayan aiki

Ba a bukatar kaya da yawa. Sifana, sukuddireba, filaya, wuƙa, guntun sanfefa, tef na naɗe waya, ɗan basilin, da kamu biyar ko shida na waya mai kyau. Babban kayan aikin kuwa shi ne fitilar gwaji, kuma kowa zai iya yinta. A sami ƙaramin ƙwai na bolt 12, irin na fitilar baya ta mota. A liƙa masa waya biyu da dalma, ɗaya a gindinsa, ɗaya a jikinsa. Bakin waya guda a ɗaura masa 'yar ƙusa, a naɗe da tef a bar tsinin kurum. Ɗaya bakin a sa masa maƙali. Shi ke nan. In ka maƙala shi a jikin injin, ka taɓa tsinin ƙusa a wurin da wuta take, ƙwan ya kama. Kullum ka fara gwada shi a kan batir, don ka tabbata shi kansa lafiya yake.

Wanda yake da mitar awon wuta ya fi samun sauƙi. Batir cikakke, injin a kashe, yakan nuna wajen bolt 12.6. In ya nuna 12.2 ya sauka rabi. In injin yana aiki, ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4. Ƙasa da haka batir ba ya samun caji, sama da 15 kuwa wuta ta yi yawa.

Kafin a kwance kome, a kashe injin, a ja birki, a sauke garma ƙasa. A cire zobe da agogon ƙarfe. In za a yanke waya ko a canja makunni, a fara cire kan batir ɗin da ke ɗaure da jiki, in an gama shi ne na ƙarshen mayarwa. Kada a kunna ashana ko a sha taba kusa da batir, domin yana fid da iska mai kama wuta.

A fara da alamu

Likita ba ya ba da magani sai ya ji inda ke ciwo. Fitila ma tana faɗin ciwonta.

In fitila guda ce ta mutu, 'yar'uwarta tana ci, to fiyus da makunni da batir ba su da laifi. A nemi ciwon a ƙwan, ko mazauninsa, ko notin kwanon wannan gefe. Hanya mafi sauri ita ce a musanya ƙwan hagu da na dama. In mutuwar ta bi ƙwan ta koma ɗaya gefen, ƙwan ne. In ta zauna inda take, ƙwan lafiya yake.

In duka biyu suka mutu lokaci guda, da wuya ƙwai biyu su ƙone tare. A dubi fiyus, da makunni, da wayar da ke kawo musu wuta.

In suna ci amma dishi-dishi, batir ne ya yi sanyi, ko kuwa akwai tsatsa a wata mahaɗa. In batir yana tayar da injin da ƙarfi, ba shi ne ba.

In suna ƙyaftawa duk lokacin da tarakta ta hau kunya ko ta faɗa rami, wata waya ce ta saki.

In ka kunna fitilar gaba, sai ka ga wata fitilar da ba ka kunna ba ita ma tana ɗan ja, wannan alamar hanyar komowa ce ta toshe, wuta tana neman mafita ta cikin wani ƙwan.

In fiyus yana ƙonewa da an kunna, wata waya ce ta kware tana taɓa ƙarfe.

In kuwa ƙwai yana yawan ƙonewa, ko dai kwanon fitila yana girgiza don notinsa ya saki, ko kuwa caji ya yi yawa. Ƙarin kashi 5 cikin 100 kurum a ƙarfin wuta yakan rage kwanan ƙwai da rabi.

Bin hanya daki-daki

To, ga yadda ake bi. A fara daga batir, kada a tsallake ko ɗaya.

Na ɗaya, kan batir. In ka ga farin gari ko kore ya taru a kansa, ka kwance shi, ka jiƙa kanwa a ruwan ɗumi ka wanke, amma kada ruwan kanwar ya shiga cikin batir. Ka goge da sanfefa har ƙarfen ya yi ƙyalli, ka ɗaure tam, ka shafa basilin a sama. Kada ka buga ƙusa a tsakani don ya matse, kamar yadda wasu ke yi. Sa'an nan ka bi wayar nan mai kauri da ta tafi jikin tarakta, ka kwance notinta, ka kankare wurin, ka mayar.

Na biyu, fiyus. Ka maƙala fitilar gwaji a jikin injin, inda ba fenti, ka taɓa gefen fiyus ɗaya, ka taɓa ɗayan. In ta kama a duka biyu, fiyus lafiya. In ta kama a gefe ɗaya kaɗai, ya ƙone, ko kuwa bakinsa ya yi tsatsa. Ido ba ya wadatarwa a nan, don akan sami fiyus mai kyan gani alhali ya tsinke a can gefe. In ba ta kama a ko'ina ba, wuta ba ta iso ba, sai ka koma baya wajen batir. Wasu taraktocin sai an murɗa maɓalli wuta ke zuwa fiyus, saboda haka a gwada da maɓalli a buɗe.

Na uku, makunni. A bayansa akwai ƙafar da wuta ke shiga, da ƙafafun da take fita. Ka taɓa ta shiga, ya kamata ta kama kullum. Ka murɗa makunni, ka taɓa ta fita. In wuta ta shiga ba ta fita ba, ka kama ɓarawon. Sau da yawa ƙura ce ta cika shi, ko ƙafar ce ta saki. In robarsa ta narke ko ta yi baƙi, a canja shi.

Na huɗu, wayar da ta taso daga makunni zuwa gaba. Ka cire ƙwan, ka kunna makunni, ka taɓa gindin mazaunin. In ba wuta, wayar ta tsinke a tsakani. Ka bi ta da hannu, ka kula da inda ta ratsa hujin ƙarfe, da inda ta wuce kusa da lagireto ko bututun hayaƙi, da inda bonet ke buɗewa da rufewa. Waya takan tsinke a ciki robarta tana nan lafiya. In ka ja ta a hankali ka ji tana miƙewa kamar danƙo, nan ne.

Na biyar, hanyar komowa. In wuta ta iso mazauni, ƙwan kuma lafiya, amma ba haske, saura abu guda. Ka ɗauki doguwar waya, ka ɗaura bakinta a kan batir ɗin da ke jiki, ka taɓa ɗaya bakin a kwanon fitila. In haske ya tashi fari tas, ka gama bincike. Ka kwance notin kwanon, ka kankare tsatsa da fenti har farin ƙarfe ya fito, ka ɗaure. Abin da ya fi ma shi ne a ja wa kowace fitila wayar komowa tata, daga kwano zuwa wani noti mai tsabta a jikin injin. Daga ranar an huta.

Masu mita suna iya auna asarar da ake yi a hanya. Fitila tana kunne, a sa baki ɗaya a kan batir mai ba da wuta, ɗaya a gindin ƙwan. In mita ta nuna fiye da rabin bolt, akwai mahaɗa mai cin wuta. Ko ba mita ma hannu yana faɗa: a bar fitila a kunne minti biyar, a shafa mahaɗu. Wadda ta yi ɗumi ita ce marar lafiya.

A kayan Ingila na dā launin waya yana taimako. Ruwan ƙasa ita ce mai zuwa daga batir, shuɗiya ta fitilun gaba, shuɗiya mai ratsin fari ta haske mai nisa, mai ratsin ja ta haske na kusa, ja ta fitilun baya, baƙa ta komowa. Amma tarakta da ta wuce hannun masu wayarin goma ba a dogara da launinta, sai an gwada.

Maganar fiyus

Yanzu mun zo kan abin da ya fi kome haɗari. In fiyus ya ƙone, direbobi da yawa sukan naɗa masa waya, ko takardar ƙyalli ta kwalin taba, ko su cusa ƙusa, fitila ta kama, a ce an gyara. Lalle wannan mugun gyara ne. Da gangan aka yi fiyus da rauni, don in wuta ta yi yawa shi ya ƙone, waya ta tsira. Batirin da ke iya juya injin gas yana iya tura ɗaruruwan amfa cikin waya siririya, ta yi jawur cikin ƙiftawar ido. A tarakta da yawa kuma wayoyin nan suna bin ƙarƙashin tankin mai, inda gas da ƙura da ƙaiƙayi suka taru.

A wani ƙauye da ke fadamar Bunsuru an taɓa kirana in duba wata tarakta da wayoyinta suka narke suka zama dunƙule guda, tun daga sitiyari har gaba. Da muka buɗe akwatin fiyus sai ga guntuwar wayar shinge a ciki. Asalin ciwon kuwa wata waya ce da ta goge a gefen bonet, wadda tef kamu ɗaya zai rufe. Taraktar ta yi mako uku a tsaye ana neman kaya daga Sakkwato, a daidai lokacin huɗa, manoman da suka ba da kuɗinsu suna ta sintiri a ƙofar gidan mai ita. Fiyus ɗin da aka ƙi saye kuwa kuɗinsa bai kai na litar gas guda ba.

Ga yadda ake kama waya mai taɓa ƙarfe ba tare da an ƙona fiyus goma ba. A cire ƙwayayen fitilun duka da ke kan wannan fiyus. A cire fiyus, a sa bakunan fitilar gwaji biyu a madadinsa, a kunna makunni. Tun da ba ƙwai a gaba, bai kamata ta kama ba. In ta kama, wuta tana zuba cikin jiki a wani wuri. Sai mutum ɗaya ya zuba mata ido, ɗaya yana bin wayoyi yana motsa su. Inda aka motsa ta mutu, nan ne ciwon. A yanke wurin, a haɗa da dalma, a naɗe, a ɗaure wayar nesa da bakin ƙarfe. Inda ta ratsa huji a sa mata guntun tiyo. Murɗa waya biyu da hannu a naɗe da leda ba ya kai damina guda.

Ɗan lissafi

Malamai masu riƙe littafin kuɗi za su ji daɗin wannan, don lissafi ne mai sauƙi. A jikin kowane ƙwai an rubuta wat ɗinsa. A raba wat da bolt, a sami amfa. Ƙwai biyu masu wat 55 sun zama 110, a raba da 12, ya ba da amfa 9 da 'yan kai, fiyus mai lamba 15 ya dace da su. To, in direba ya ga haske bai ishe shi ba ya sa masu wat 100, ya ƙara ɗaya a baya don ganin garma, sai su zama wat 300, watau amfa 25. Tsohon dainamo irin na Lucas da ke taraktocin dā abin da yake bayarwa bai wuce amfa 22 ba. Ka ga fitila kaɗai ta cinye cajin, har tana taɓa na batir. Makunni ya yi zafi, waya ta yi zafi, da asuba kuma tarakta ta ƙi tashi, a ce batir ne ba shi da kyau.

Wanda ke son ƙarin haske ya fara da gyaran mahaɗu da wanke gilashi. Sa'an nan ya dubi fambel, don in ya saki caji ba ya zuwa. In har yanzu bai isa ba, fitilun zamani da ake kira LED suna ba da haske mai yawa da wuta kaɗan: mai wat 18 amfa ɗaya da rabi take ci. Sai dai su suna da gaba da baya, in an juya wayarsu ba su kamawa, saboda haka mai tarakta da + ɗinta ke jiki ya yi hattara. Kowace fitila aka ƙara a sa mata fiyus nata kusa da batir. A kuma sunkuyar da fitilun gaba kaɗan, kada su kashe idon mai zuwa.

Wata al'ada kuma da ya kamata a bari ita ce ta cire batir bayan injin ya tashi, a kai wa wata tarakta ko injin ban ruwa. In taraktar altaneto gare ta, batir ne ke danne wutarsa. Da an cire, wuta takan yi tsalle ta ƙona ƙwayayen fitila, wani lokaci har da altaneton kansa.

Ƙananan masu ƙafa biyu

Waɗannan da yawansu ba su da batir, da hannu ake tayar da su. Fitilarsu daga injin take samun wuta kai tsaye, ta wurin maganaɗisu da ke juyawa kusa da naɗaɗɗiyar waya. Don haka in injin yana tafiya a hankali haske ya yi ƙasa, in an ba shi wuta haske ya ƙaru, wannan ba ciwo ba ne. Gwajinsu sai injin yana aiki, saboda haka a tuɓe babbar riga da rawani, a nisanci bel. A taɓa fitilar gwaji a wayar da ta fito daga injin. In ta kama, ciwon yana gaba, a makunni ko ƙwai ko noti, sai a bi kamar yadda muka faɗa. In ba ta kama ba, aikin mai wayarin ne. A sa ƙwai mai wat daidai da wanda aka cire, don ƙarami ba ya jimawa a nan. Wutarsu kuma mai kai da komowa ce, ba kowace LED ce ke zama da ita ba.

Ga 'yan kasuwa da malamai

'Yan kasuwa masu kawo kayan gyara daga Sakkwato da Shinkafi da Maraɗi, ku ma kuna da hannu a wannan al'amari. Ƙwan babbar mota na bolt 24 kamarsa ɗaya da na 12, amma in an sa shi a tarakta sai ya yi ja kurum, mai saye ya tafi yana zargin batir. Ku karanta lambar kafin ku miƙa. Akwai kuma waya mai araha wadda samanta jan ƙarfe ne, cikinta sanholo. In an kankare ta da wuƙa sai a ga fari. Tana zafi, tana karyewa, ba ta dace da tarakta ba. Don fitilun gaba a nemi jan ƙarfe zalla, mai lamba 1.5 ko 2.5. Ku riƙa ajiye fiyus masu lamba 10 da 15, don rashinsu a kusa ne yake sa direba ya ɗauki ƙusa.

Malaman da ke kula da taraktar ƙungiya ko ta haya, ku buɗe shafi a littafinku don wannan. Ku rubuta ranar da aka canja ƙwai da fiyus da batir, da lambar kowanne. In kun ga an sayi fiyus uku a wata guda, ku tsai da taraktar a bincika kafin ta ci wuta. Ku tabbata kuma a akwatin direba akwai ƙwai ɗaya, fiyus biyu, tef, da fitilar gwaji. Fitilar baya ja da abin ƙyalli a bayan tirela su ma tilas ne, musamman da kaka sa'ad da ake kwaso gero da wake.

Duk aikin nan bai fi na hantsi guda ba, in an yi shi yanzu a inuwa, tun hadari bai haɗu ba. In an bari sai ranar da ruwa ya sauka, mai wayarin yana Isa, tarakta tana Gebe, manoma suna jira. Mako mai zuwa, in Allah Ya yarda, za mu yi magana kan daidaita garma da haro. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.